Ranar da Mai Washi Ya Kashe Kaifi

Mai Washi bai yarda da ido ba. Duk abin da aka miƙo masa, wuƙa ce ko almakashi ko aska, ba ya cewa uffan sai ya goga babban yatsansa a bakin abin tukuna. In yatsan ya ce da kyau, to da kyau. In ya ce babu, ko wane ne ya ƙera abin, magana ta ƙare.

Rumfarsa tana cikin wani lungu a bayan kasuwa, tsakanin shagon Tela da teburin Mahauci. Ba wani abin a zo a gani a ciki. Injin washi ne da ake takawa da ƙafa, da dutsensa mai juyawa, da wani gwangwani da aka huda yana ɗiga masa ruwa, sai magagarai a jere jikin katako, daga mai manyan haƙora har zuwa mai laushi. Tun yana saurayi yake zaune a nan yana fitar da tartsatsi, yanzu ga furfura ta cinye rabin gemu. Abin da ya tsana a duniya shi ne dakusasshen ƙarfe. In ka kawo masa wuƙar da ka yi ta sara a kan siminti, zai wasa maka, amma sai ka sha faɗa kamar ka daki ɗansa.

"Wannan ba wuƙa ba ce, cokali ne," haka yake cewa. "Ni tun da nake ban taɓa kashe wa ƙarfe kaifi ba, kuma ba zan fara da furfura ba."

Matarsa kuwa, da yara suka girma kowa ya kama gabansa, gida ya yi shiru, sai wata safiya ta ajiye masa shayi ta ce za ta shiga ajin koyon buga rubutu a kwamfuta. Ya dube ta, ya dubi hannunta da wanki da wanke-wanke suka gama cinyewa, ya yi dariya har ya ƙware.

"To, Sakatare! Allah ya ba da sa'a."

Da tsokana ya faɗa, amma sunan ya bi ta, ita kuma ta riƙe abinta. Ta zauna aji ɗaya da 'yan matan da ba su kai 'yarta ba. Suna yi mata dariya tana neman harafi da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Ba ta kula su ba. Ta samo kwali ta zana madannan kwamfuta a jiki, tukunya na kan wuta, ita tana gefe tana danna kwali. Kafin a gama ajin, 'yan matan nan su ne ke leƙen kafaɗarta. Daga nan wani kamfanin buga littattafan makaranta ya fara ba ta aiki. Malamai su rubuta da hannu, ita ta mayar da shi bugu. Akwai rubutun da ko mai shi ba ya iya karantawa, ita sai ta karanta. Damuwarta ɗaya ce, ba ta da kwamfutar kanta. Kullum sai ta je shagon haya ta bi layi, in an ɗauke wuta ta dawo haka nan.

Mai Washi ba mai yabon baki ba ne. Ya dai yi ta tara kuɗi a ɓoye, ran nan ya rufe rumfa ya nufi layin masu kwamfuta.

Mai shagon da ya shiga, wani mai tabarau mai haƙuri, ya jera masa laftof kala-kala, wato irin wadda ake ninkewa a sa a jaka. Ya shiga bayani, wannan tana da sauri, wannan cikinta da faɗi, wannan batirinta na daɗewa. Mai Washi yana gyaɗa kai, ko kalma ɗaya ba ta shige shi ba. Sai ya koma ga abin da ya sani. Ya goga yatsa a bakin ta farko, roba ce, gefenta a dunƙule kamar sabulu. Ya ture ta. Ta biyu ma haka. Da ya zo kan wata siririya mai launin azurfa, jikinta duk alminiyam, yatsan ya tsaya cak. Bakinta na gaba, daidai ƙasan madannai, an yanke shi tsaf, miƙe sambal, ba gargada ko kaɗan.

"Wanda ya yanka wannan ya san aikinsa," in ji shi. "Naɗe min ita."

"Baba, ai ba ka ma kunna ta ba."

"Ƙarfen ya gaya min abin da nake son ji."

Sakatare ta buɗe kwalin, ta ga abin da ke ciki. Ta shige ɗaki ta daɗe, ta fito idonta ja, ta ce hayaƙi ne. Shi kuma ya janyo wani tsohon teburinsa mai dogayen ƙafafu, ya kankare shi, ya kafa mata a bakin taga. Daga ranar, duk baƙon da ya shigo gidan ya shiga uku. Kafin ya sha ruwa an ja shi ɗaki.

"Zo ka ji baki. Goga yatsanka nan. Ka taɓa jin yanka irin wannan?"

Wani lokaci in ya dawo gida da wuri, yakan tarar da ɗankwali a ninke a kan bakin laftof ɗin, hannayenta a kai. Da ta ji motsinsa sai ta fizge ɗankwalin ta sa a cinya. Shi a zatonsa ƙura take kare mata.

"Haka nake so," ya ce. "Abu mai daraja a kula da shi."

Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da aikinta.

A hankali wasu abubuwa suka fara faruwa. Da safe sai ya ga tana yarfe hannu kamar ta taɓa tukunya mai zafi. In ta yi wanki, matsewa ta gagare ta, sai ta shanya kaya suna tsiyaya. Ran nan ta miƙo masa kwalba ya buɗe mata, kwalbar da a da ita ke buɗe masa. Ya tambaya, ta ce tsufa ne. Ya yarda, don shi ma gwiwarsa ta fara yi masa gardama.

Wata Asabar da hantsi ƙanwarta Auta ta zo. Auta ma'aikaciyar jinya ce a asibiti, kuma tsakaninta da Mai Washi ba a raga wa juna. Suna cikin gaisawa da tsiya, Sakatare ta ɗauko kofin shayi za ta miƙa, kofin ya suɓuce daga hannunta ya tarwatse a ƙasa.

Auta ba ta dubi kofin ba. Hannun ta duba.

"Yaya, miƙo nan."

Ta juya hannun. A wuyan hannu ta ciki, inda fata ta fi laushi, ga wani layi ja ya ratsa, har ya fara baƙi, miƙe kamar an ja shi da rula. Ta juya ɗayan, shi ma haka. Ta ɗan ƙwanƙwasa wurin da yatsa, Sakatare ta zabura.

"Me kika ji?"

"Kamar lantarki. Har ƙarshen yatsu."

"Yatsun suna mutuwa?"

"Da safe ne kawai. In na yarfe su sai su farfaɗo."

"Kawai, ko? Tashi ki nuna min yadda kike zama in kina aiki."

Suka shiga ɗaki, Mai Washi na biye. Sakatare ta zauna. Teburin ya yi mata tsawo, sai da ta ɗaga hannuwa sama kafin ta kai madannai, nauyinsu duka ya sauka a kan bakin laftof ɗin. Bakin ya faɗa daidai cikin jan layin nan, kamar murfi da tukunyarsa.

Auta ta riƙe ƙugu. "Wane marar tausayi ne ya zaɓo miki wannan wuƙar?"

Sakatare ta ƙifta mata ido, amma an makara.

"Ni ne," in ji Mai Washi. "Kuma ke me kika sani a kan wuƙa?" Ya matso ya goga babban yatsansa a bakin, gaba da baya. "Wannan ko takarda ba zai yanka ba."

"Da wannan yatsan naka? Mijin Yaya, yatsan nan ko allurar asibitinmu sai ta lanƙwashe a kansa. Ai wannan ya tashi daga yatsa, ya zama kofato. Naɗe hannun riga. Zauna. Ɗora nan, ta ciki, inda take ɗorawa. Yawwa. Saki nauyinka. To zauna haka har in share kofin nan."

Don taurin kai ya zauna. Da farko bai ji komai ba, har yana murmushi. Can sai ya ji kamar an ɗaura masa zare ana ja. Sannan zafi ya biyo, siriri, mai shiga ciki. Ya so ya ɗaga hannun, amma Auta na kallonsa ta ƙofa, tana shara a hankali da gangan kamar mai ƙirga ɓaraguzan. Da ta gama ya ɗaga. Ga layi ja a fatarsa, irin na matarsa sak.

"Kai ɗan shara ka zauna," in ji Auta. "Ita haka take yini."

Mai Washi ya dubi babban yatsansa. Fatar ta yi kanta, ta taurare kamar tafin takalmi. Yatsan bai yi masa ƙarya ba. Abin da aka koya masa ke nan, ya gane ko baki zai yanka. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko baki zai yi ciwo. Sai ya ɗago ya dubi matarsa.

"Ɗankwalin nan da kike ɗorawa..."

Ta sunkuyar da kai.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Ka ga fuskarka kuwa ranar da ka shigo da kwalin?" ta ce. "Ni na gani."

Auta ba ta bar su sun tsaya nan ba. Ta ce akwai jijiyar da ke ratsa wuyan hannu zuwa yatsu, ita ake dannewa kullum. In aka ci gaba a haka, wata rana ko allura Yaya ba za ta iya riƙewa ba, kuma sai an kai ga fiɗa. Ranar Litinin da kanta za ta kai ta wajen likita.

Da Mai Washi ya ji an ambaci fiɗa, sai ya miƙe.

"Shi ke nan. Aiki ya ƙare. Gobe zan kwashe takardun kamfanin nan in kai musu."

Sakatare ba mai ɗaga murya ba ce, kuma ba ta ɗaga ba.

"Malam, zauna."

Ya zauna.

"Tun da na shigo gidan nan nake wanki. Hannun nan ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa. Lokacin sanyi har jini yake yi. Ban taɓa jin ka ce wanki ya ƙare ba. Sai yanzu da na sami abin da in na tashi da safe nake ɗokin yi? Hutu zan yi in likita ya ce. Magani zan sha in ya bayar. Amma takardun nan ba inda za su."

Auta ta buɗe baki za ta sa tsokana, ta dubi fuskar mijin yayarta, ta rufe.

Likita ya tabbatar da maganar Auta. Ya ɗaura wa Sakatare wani abu mai tauri a wuyan hannu, ya ce ta huta 'yan makonni, a rage tsawon tebur, in ta koma aiki ta riƙa tashi tana miƙe hannu, kuma kada ta sake jingina shi a kan abu mai kaifi. Kamfanin suka ce za su jira ta, amma ba har abada ba, don akwai littafin da ake so kafin a koma makaranta.

Aka shiga neman dabara. Auta ta ce a sayo madannai na daban a riƙa jonawa. Sakatare ta ce a gida ya yi, amma rabin aikinta a ofishin kamfanin take yi, tana bin malamai tebur-tebur ana gyara, kuma jakar ma a haka sai ta rungume ta a mota, ita ba jaki ba ce. Mai Washi ya ce to a sayar a sayo mai roba.

"Ba zan sake ta ba," ta ce. "Ita ce abu na farko da aka taɓa sayo min don aikina, ba don girki ba."

Washegari Tela ya leƙo rumfa ya ga Mai Washi yana taka inji, dutse na juyawa, ruwa na ɗiga, amma ba wuƙa a hannunsa.

"Iska kake wasawa?"

Mai Washi ya ci gaba da taka injinsa. Da yamma ya koma gida ya tsaya a kan matarsa kamar mai neman bashi.

"In kin yarda, zan kashe mata baki."

Ta ɗago. "Kai? Kai da ka ce tun da kake..."

"Na san abin da na ce. Taki ce, shi ya sa nake tambaya."

"Sai dai a gabana," ta ce.

Bai yi gaban kansa ba wannan karon. Ya koma wajen mai tabarau ya faɗi abin da zai yi.

"Baba, in ka taɓa ta da magagari, garanti ya tashi."

"Ya sauka lafiya."

Mai shagon ya cire tabarau ya goge. "To saurara. Kada ka kai ta kusa da injin nan naka, da hannu za ka yi. A fara kwashe aikin da ke ciki a zuba a filashi. A kashe ta gaba ɗaya. Duk wata kafa da ka gani, da madannai, da gilashi, ka rufe da salatif. In garin ƙarfe ya shiga cikinta, sai dai wani labarin. Kuma kada ka ci da zurfi, fatar ba ta da kauri."

Mai Washi, wanda bai saba a gaya masa yadda ake taɓa ƙarfe ba, ya sa aka maimaita masa, ya kuma yi godiya.

A rumfa aka yi aikin, don can haske yake, can kayan aiki suke. Sakatare ta zo da hannu a ɗaure, ta zauna a benci. Ita ta nuna inda za a manna salatif, kafa bayan kafa, har laftof ɗin ta koma kamar mai jinya. Sannan ta ciro jan-baki daga jaka ta shafa a bakin gaba daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Inda ja yake, nan ne naka. In ka wuce, ni da kai ne."

Tela ya kawo ƙyalle mai laushi aka shimfiɗa. Mahauci ya bar teburinsa ya zo yana goge hannu a riga.

"Me nake gani? Yau kwamfuta ake wasawa? Sakatare, nama za ki riƙa yankawa da ita?"

"Kashe kaifi za a yi," in ji Tela.

"Wa zai kashe? Wannan? Jama'a ku zo! Mutumin da ya kira wuƙata cokali a gaban masu sayen nama!"

Mai Washi ya zauna a gaban laftof ɗin. Ya zaɓi magagari mafi laushi, ya yi bisimilla, ya ɗora. Hannun ya kwanta da kansa, ya ja, ya sake ja, sumul, daga kusurwa zuwa kusurwa. Jan-bakin ya ɓace, wani siririn layi mai ƙyalli ya fito. Ya goga babban yatsa, yatsan ya ce madalla. Sai ya tuna. Ya naɗe hannun riga, ya ja wuyan hannunsa ta ciki a kan bakin.

Ya ɗaga da sauri. Wani siririn yanka, jini ya tsattsafo kamar zare.

Hannun ya yi abin da ya saba. Ya kwantar da magagari daidai yadda yake kwantar da shi a kan wuƙa, maimakon baki ɗaya ya fitar da biyu, har da ɗan gashin ƙarfe a gefe.

Mahauci ya faɗi kan benci don dariya. "An ce ka kashe, ka tayar! Sakatare, ba ni ita haka, wallahi ta fi addata!"

Mai Washi ya yi jifa da magagari a kan katako. "Hannun ba ya ji. Abin da ya sani ke nan."

Sakatare ta miƙa masa ƙyalle ya goge jinin. Ta bari dariyar ta lafa, sannan ta matso.

"Ka tuna kwalin nan da na zana madannai?"

"Na tuna."

"Ɗan ƙaramin yatsana sai da na yi ta lallashinsa kamar jariri. Duk sanda na yi sauri, sai manunin nan ya ƙwace aikin, don shi ya saba. In ka yi sauri, tsohon hannunka ne zai karɓe. Yi a hankali. A hankali har abin ya ba ka haushi. In ka ji haushi, to ka kama hanya."

Ya dube ta. Wannan mata da ya yi wa dariya har ya ƙware, ita ke zaune da hannu a ɗaure tana koya masa riƙon magagari, a rumfarsa, a gaban Mahauci. Kuma gaskiya ta faɗa. Ya sunkuya ya ɗauki magagarin.

Ta sake shafa jan-baki. Wannan karon bai ja a miƙe ba. Ya ɗora, ya mirgina hannun a kan bakin daga sama zuwa ƙasa, kamar mai shafa kan jariri. Sau ɗaya. Ya tsaya. Ya sake. Kafaɗarsa ta ƙage, gumi ya keto masa, don riƙe hannu ya fi sakinsa wuya. In ya ji hannun zai kwanta irin na da, sai ta ce, "Malam," kawai, ya ɗaga ya sake farawa. Wata mata ta zo da almakashi, ya ce ta dawo gobe. Wani mai aski ya zo, shi ma haka. Mahauci ya gaji da dariya ya koma wajen namansa, can kuma ya dawo ya tsaya shiru yana kallo.

Da magagari ya gama nasa, aka koma samfefa, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi, sannan wadda ta fi ta laushi, yana ɗan jiƙa ta don kada gari ya tashi. Bayan kowane shafi sai ya ɗora wuyan hannu ya saki nauyi ya jira. Babban yatsa kuwa ya naɗe shi cikin tafi, bai sake tambayarsa komai ba.

Rana ta karkata kafin ya ajiye samfefa. Bakin ya dunƙule kamar sabulu, irin wanda ya ture a shago. Launin wurin ya fi sauran jikin haske, ga 'yan ƙarce-ƙarce ta kusurwar hagu inda hannu ya zame. A idon mai washi, mummunan aiki ne. Ya goge da ɗanyen ƙyalle, ya sake gogewa, suka ɓare salatif a hankali.

"Kunna," in ji Mai Washi.

Ta danna. Gilashin ya tsaya baƙi. Tela ya daina numfashi. Mahauci ya fara ja da baya kamar ba da shi aka yi ba. Sai haske ya kawo, ga aikinta nan yadda ta bar shi.

Ta kwance ɗaurin hannu ɗaya, ta ɗora wuyan hannun a kan bakin, daidai kan tsohon layin. Ta jira.

"Ba laifi," ta ce.

"Ba laifi kawai?"

"To so kake in tashi in yi rawa a kasuwa?"

Da suka koma gida ya ɗauko zarto ya rage wa teburin ƙafafu, tana zaune a kujera yana aunawa da gwiwar hannunta yadda likita ya ce. Shi ba kafinta ba ne, ƙafa ɗaya ta gaza sauran. Ya leƙa bayan ƙofa ya ga wani tsohon kwali, ya ɗauko zai ninke ya tokare. Ta fizge abinta. Kwalin madannan nan ne, ashe tana ajiye da shi. Sai da ya nemo guntun katako.

Ta cika hutunta, ba don tana so ba, don Auta na bugo waya safe da yamma. Ranar da likita ya sake ta, ta zauna a gaban tebur ta fara a hankali kamar sabuwar ɗaliba. Layin nan ya dusashe, daga baya ya ɓace. Yatsan tsakiya har yanzu yakan yi mata tsami in gari ya yi sanyi, kuma takan tashi ta miƙe hannu ko tana tsakiyar shafi. Littafin ya fita kafin a koma makaranta.

Mai Washi ya daina jan baƙi ɗaki. Ita ta karɓi aikin. Da Auta ta sake zuwa, ko gyale ba ta cire ba aka ja ta.

"Zo ki ji baki. Ba da yatsa ba, ɗora wuyan hannu."

Auta ta ɗora, ta jira, ta ɗaga ta duba fatarta. "Mijin Yaya, ashe ka iya ɓarna mai kyau. Kofaton fa, ya yi ritaya?"

"Yana nan. Kawo almakashin asibitinku ki gani."

A rumfa ba abin da ya sake. Mai kawo dakusasshiyar wuƙa har gobe sai ya sha faɗa. Maganar nan ce dai ta "tun da nake ban taɓa ba", ba a sake jin ta a bakinsa ba, ko da Mahauci ya yi ta tsokanarsa ya faɗa.

Yanzu in ya dawo da wuri, yakan tsaya a bakin ƙofar ɗaki bai yi sallama ba tukuna. Ɗankwali na kanta, inda ya dace. Yatsu goma na gudu a kan madannai kamar yayyafi a kan kwano, idonta na kan wani rubutun malami da ko mai shi ba zai karanta ba. Ran nan ya daɗe a tsaye yana kallo, a zatonsa ba ta sani ba.

"Malam," ta ce, ba ta ko juyo ba, "in tsayuwa za ka yi, ɗora min ruwan shayi."

Ya je ya ɗora.